Mutum 83 da Bayin da Ba a Ƙidaya Ba: Neman Asali cikin Kundin Majami'a

A ƙasar Hausa, in aka zo neman aure, dangin ɗiya sukan tashi dattijo guda ya je ya binciko asalin mai nema. Dattijon ba takarda yake zuwa dubawa ba. Zaure yake nema inda wani tsoho ke zaune, a gaisa, a yi ta kewaye-kewaye, har zance ya faɗa kan gidan su wane: daga ina kakansu ya zo, wace sana'a suka gada, da wa da wa suka yi surukuta. Abin da tsohon ya faɗa, da abin da ya yi shiru a kansa, su ne hukunci. A Faransa da Ingila kuwa, wanda ke son sanin kakan kakansa taskar takardu yake nufa, kuma in kakan nan talaka ne, abu biyu yake fatan samu: layin da limamin majami'a ya rubuta ranar da aka yi masa baftisma yana jariri, ko aka ɗaura masa aure, ko aka binne shi, sai kuma takardar da aka rubuta ranar da ubansa ya miƙa shi ga mai sana'a don ya koya. Dubban dubatan mutane ne ke wannan tono a yau, musamman tun da aka ɗauki hotunan kundayen aka zuba su cikin intanet. Mafi yawansu abin da suke samu bai wuce jerin sunaye da ranaku ba. Littafin da ke gabanmu ya ɗauki waɗannan kayan aiki na masu neman asali ya gwada iyakar abin da za a iya tatsa daga cikinsu, shi ya sa ya cancanci malamai su san da shi, ko da ba su taɓa jin sunan garin da yake magana a kai ba.

Sunan littafin An Infinite History, na Emma Rothschild, malamar tarihi a jami'ar Harvard ta Amurka. Ya fito da ingilishi cikin shekara ta 2021, an kuma fassara shi da faransanci da sunan De proche en proche. Marubuciyar ba jikar mutanen da ta bi sawunsu ba ce. Ta fara ne daga wata mata mai suna Marie Aymard, wadda aka haifa a 1713 ta rasu a 1790 a garin Angulem, kudu maso yammacin Faransa, matar da ba ta iya karatu ko rubutu ba, ta bi zuriyarta har tsatso biyar, zuwa shekara ta 1906. Mai neman asali daga kansa yake farawa ya yi sama. Ita daga tsohuwar ta fara ta gangaro, tana waiwayen dama da hagu. Wannan juyi ba ƙaramin abu ba ne. Mai hawa sama ya riga ya san ƙarshen labari, tunda shi ne ƙarshen, saboda haka duk reshen da bai kai gare shi ba sai ya sare ya yar. Mai gangarowa kuwa tilas ya bi kowa, da wanda ya yi arziki da wanda ya tsiyace, da goggon da ba ta yi aure ba, da yaron da ya rasu kafin a yaye shi.

Takardu biyu na shekara ta 1764 su ne ƙofar littafin, kuma duka biyun a gaban noter aka yi su, watau ma'aikacin shari'a da ke rubuta yarjejeniya ya ajiye ta. Ta fari takardar wakilci ce. Mijin Marie Aymard, wani kafinta mai suna Louis Ferrand, ya tafi aikin ƙodago tsibirin Garnada a 1753, bai komo ba. Labari ya iso cewa ya rasu a Martinik yana kan hanyar gida, an kuma ce ya tara ƴar dukiya, ya sayi bayi da alfadarai. Matar ta wakilta wani mai tafiya tsibiran ya binciko mata gaskiyar zancen, alhali a tsakani Ingila ta ƙwace Garnada daga hannun Faransa, yarjejeniyar Paris ta 1763 ta tabbatar mata da ita. Takarda ta biyu yarjejeniyar auren ɗiyarta Françoise ce da wani ɗan tela mai suna Etienne Allemand, cikin watan Disamba. Mutum 83 suka sa hannu a kanta. Tambayar da Rothschild ta yi wa kanta mai sauƙi ce: su wane ne waɗannan 83 ɗin, me kuma ya tara su?

Kafin a auna amsarta ya kamata mai karatu ya san mene ne kundin majami'a, domin kuskuren da masu neman asali suka fi yi shi ne ɗaukarsa kamar don su aka rubuta. A Faransa dokar Villers-Cotterêts ta 1539, wadda malamanmu suka fi sani da cewa ita ta ɗora faransanci bisa takardun shari'a, ita ce ta umurci limaman majami'u su riƙa rubuta baftisma, kuma dalilinta shi ne a iya tabbatar da shekarun mai neman muƙamin coci mai kuɗin shiga. Dokar Blois ta 1579 ta ƙara da aure da jana'iza, don a toshe auren ɓoye da ƴaƴan masu dukiya ke yi ba da yardar iyaye ba. Majalisar Katolika ta Trente, a 1563, ta nemi a rubuta sunan uban baftisma da uwar baftisma, saboda a wurinsu tsayawa jariri yana haifar da zumuntar da ke hana aure, kusan yadda nono yake haramta aure a shari'ar Musulunci. A 1667 aka ce a riƙa yin kundi biyu, shaidu kuma su sa hannu ko a rubuta cewa ba su iya ba. Ranar 20 ga Satumba 1792 juyin juya hali ya karɓe aikin daga majami'a ya miƙa wa magajin gari. Kowace daga cikin dokokin nan damuwar mai mulki ce ta haife ta: gado, muƙami, aure, daga baya haraji da aikin soja. Wanda mai mulki ba ya son gani ba ya cikin kundi. ƴan Furotesta na Faransa, daga 1685 da aka haramta addininsu zuwa 1787, ko dai su yi baftisma a majami'ar da ba su yarda da ita ba, ko aurensu ya zama ba aure ba a idon doka.

To amma cikin wannan damuwa ta masu mulki akwai wata riba da ba su nufa ba, kuma a nan ne basirar littafin take. Layin baftisma ba sunan jariri da iyayensa kaɗai ya ƙunsa ba. Yana faɗin sana'ar uba, da sunan wanda ya tsaya wa yaron, da matar da ta riƙe shi, wani lokaci da maƙwabtan da suka halarta. Mai neman asali na yau da kullum yakan kwafi sunan uba da uwa ya rufe kundi. Rothschild ta ƙi rufewa. Ta karanta kundayen dukan majami'un garin na shekarar 1764, ta fitar da mutum 4,089 da sunansu ya fito ciki, ta ɗaura kowa da wanda ya tsaya masa, har ta ga yadda zaren ya bi daga gidan tela zuwa gidan mahauci, daga nan zuwa gidan mai karɓar haraji, daga nan kuma ya tsallaka teku. Garin da ake gani kamar ba abin da ke faruwa cikinsa sai ga shi cike da labarin tsibirai, da bashi, da ƙara a kotu, da gadon da ake jira daga nesa. Abin da kundin ya fi iya faɗa, ashe, shi ne wa ya tsaya kusa da mutum a ranar da ta fi kowace muhimmanci gare shi. Jini kuwa, kundin abin da aka faɗa wa liman kawai yake maimaitawa. A nan dattijon zaure da malamar Harvard suka haɗu ba tare da sun san juna ba, tunda shi ma da ya je bincike ba jerin kakanni ya fi nema ba, so yake ya ji da wa gidan ke hulɗa.

Sai dai akwai wata ƙaya cikin adadin nan na 83 da bai kamata a wuce ta ba. Lissafin masu sa hannu ne, watau masu iya riƙe alƙalami. Binciken da Louis Maggiolo ya sa malaman makaranta suka yi wajen ƙarshen shekarun 1870, inda suka ƙidaya sa hannun angwaye da amare cikin tsofaffin kundaye, ya nuna cewa tsakanin 1786 da 1790 kashi 47 cikin ɗari na maza da kashi 27 na mata ne suka iya rubuta sunansu, kuma kudancin ƙasar, inda Angulem take, ya fi arewa ci baya. Ke nan ɗakin da aka yi yarjejeniyar zai iya ɗaukar mutanen da ba su bar ko ɗigo ba, kuma uwar amarya kanta, wadda littafin ya ginu a kanta, tana cikin jerin marasa alƙalami. Rothschild ta san da haka, ta kuma faɗa. Amma taswirar zumuncin da ta zana, duk kyaunta, ta fi haske a wajen masu ilmi, tana dusashewa a wajen masu wanki da ƴan dako.

Takardar koyon sana'a wata irin shaida ce dabam, kuma ga wanda kakansa baƙo ne a gari ta fi kundin baftisma amfani. Kundin majami'a a wuri ɗaya yake zaune. In mutum ya bar ƙauyensu ya ɓace daga cikinsa, kuma kundin garin da ya sauka bai san haihuwarsa ba. Takardar koyo ita ce gadar da ke haɗa biyun. A Faransa ta kafin juyin juya hali a gaban noter ake yin ta, tana faɗin sunan yaro da shekarunsa, da sunan uba ko waliyyi, da garin da suka fito, da yawan shekarun da zai yi, da kuɗin da za a biya maigida. Maigida ya ɗauki alkawarin ci da sha da wurin kwana, da cewa zai koya masa sana'ar ba tare da ɓoye masa kome ba. Iyaye kuma su ɗauki alkawarin in ya gudu za su nemo shi su maido. Daga nan yaro ya zama ma'aikacin lada, in ya yi sa'a ya ƙera abin gwaji ƙungiyar masu sana'a ta karɓe shi ya zama maigida. Louis Ferrand ta wannan tsani ya hau: baƙo ne a Angulem, bai kai matsayin maigida ba lokacin da ya auri Marie Aymard a 1735, daga baya ya kai. Amma ita ma wannan takarda tana da ramukanta. Ɗan da ya koya a hannun ubansa sau da yawa ba a rubuta masa kome, tunda ba wanda zai kai wani ƙara. Sana'o'in ƙauye ba su da ƙungiya. ƴan mata kaɗan ne ake rubuta wa. A 1791 kuma aka rushe ƙungiyoyin baki ɗaya. Saboda haka yaron da aka fi samun takardarsa shi ne wanda aka raba da gida, maraya ko ɗan baƙo, wanda ake tsoron rigima a kansa.

Ingila ta fi nuna wannan a fili. Can kundin majami'a ya fara ne da umurnin Thomas Cromwell a 1538, dokar 1563 kuma ta sa shekara bakwai mafi ƙarancin koyo. Dokar gajiyayyu ta 1601 ta ba dattawan majami'a ikon su ɗauki ƴaƴan matalauta su ba da su koyon sana'a, namiji har ya kai shekara 24, mace har 21 ko ta yi aure. Daga baya doka ta ce wanda ya yi koyo a wata unguwa nauyinsa ya koma kan wannan unguwa in ya tsiyace. Me ake jira? Sai dattawa suka riƙa neman maigida a nesa don su sauke kaya. Robert Blincoe, wanda aka buga labarin rayuwarsa a 1828, yana ɗan shekara bakwai aka ɗauke shi daga gidan gajiyayyu na Saint Pancras a Landan, a 1799, tare da wasu yara da dama, aka kai su masana'antar kaɗin auduga kusa da Nottingham da sunan koyon sana'a. Bai san ubansa ba. Jikan irin wannan yaro in ya samu takardar kakansa zai yi murna ya ce ya gano asali, alhali abin da ke hannunsa shaidar ranar da aka yanke asalin ce.

Mu koma Angulem. Inda littafin ya fi daɗi shi ne inda ya bar ƴaƴa da jikoki suka watsu. Babban ɗan matar nan da ba ta iya rubuta sunanta ba, Gabriel, malamin koyar da rubutu ya zama, bayan juyin juya hali kuma aka ba shi riƙon taskar takardun jihar Charente, watau gidan da takardun uwarsa za su kwanta har Rothschild ta zo ta buɗe. In mai ƙaga labari ne ya rubuta haka sai a ce ya cika gishiri. Ƙanensa Jean-Baptiste, mai gyaran agogo, ya tafi Saint-Domingue, wadda ake kira Haiti a yau, ya buɗe kanti, ya rasa kome bayan bayi sun tashi a 1791, ya komo yana rubuta takardun neman agaji. Jikoki mata sun riƙe makarantar ƴan mata a garin shekaru da dama. Wasu daga zuriyar sun kai Siriya da Meziko da Tahiti. Juyin juya halin 1789, wanda muke koya wa yara da sunayen Robespierre da Danton, a nan yana fitowa ne kamar yadda talaka ya gan shi: an sayar da filin majami'a, an buɗe sabon ofis ana neman akawu, an halatta saki, an ɗauki ɗan maƙwabci soja. Malamin tarihi da ke neman yadda zai sa ɗalibai su ji cewa mutane ne suka rayu cikin waɗannan shekaru zai samu abin ɗauka a nan.

Ba zan ɓoye ba, karatun yana da wahala. Marubuciyar ta shirya shi cikin gajerun labarai 98 masu haɗe da juna, amma sunaye sun yi yawa, kuma iyalin, kamar namu, suna maimaita sunan kaka da goggo, har mai karatu ya rasa wace Jeanne ake nufi, wace Françoise ce ta rasu. Akwai shafukan da suka fi kama da rajista fiye da labari. Kuma da yake kusan ba wata wasiƙar gida da ta rage daga wannan zuriya, ba mu jin muryar kowa. Mun san abin da Marie Aymard ta mallaka da bashin da ake bin ta, ba mu san ko ta yi kukan mijinta ko haushinsa ta ji ba. Rothschild ta ƙi cika wannan rami da zato. Wasu za su kira shi rowa. Ni ina ganin a nan ne mutuncin aikin yake, kuma wanda ke shakka ya tuna da Roots na Alex Haley, na 1976, littafin da ya sa baƙaƙen Amurka da yawa suka tashi neman tushensu. Haley ya haɗa labarin da ya ji a gida da na wani mai ba da tarihi a Juffure ta Gambiya da takardun Virginia, ya ce Kunta Kinte da jirgi ya kawo a 1767 shi ne bawan da ake kira Toby. A 1981 masu binciken asali Gary Mills da Elizabeth Shown Mills suka nuna cewa Toby yana cikin takardun iyalin da suka mallake shi tun 1762, shekara biyar kafin jirgin ya iso. Ƙishin Haley na gaskiya ne, kuma zaluncin da ya haifar da ƙishin na gaskiya ne. Amma suna ɗaya a takardu biyu bai zama mutum ɗaya ba, kuma wannan shi ne ramin da ya fi cinye masu neman asali, ko a Virginia ko a Angulem. Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar aji mai Abdu Musa uku ya san abin da nake nufi.

Wajen ƙarshe littafin ya karkata, kuma karkatar tana koyar da wani abu. Cikin zuriyar akwai mutum guda da duniya ta sani: Charles Lavigerie, ɗan tattaɓa kunnen Marie Aymard, wanda aka haifa a Bayon a 1825, ya zama babban limamin Katolika na Alje a 1867, ya kafa ƙungiyar Pères Blancs a 1868, ya zama kadinal a 1882, ya rasu a 1892. Shi ne ya aika ƴan mishan su ratsa Sahara su nufi Tumbuktu, aka kashe su a hanya a 1876. Shi ne kuma a 1888 ya zaga manyan biranen Turai yana wa'azin yaƙi da cinikin bayi a Afirka, wa'azin da ya zo daidai da lokacin da ƙasashen Turai ke neman hujjar raba nahiyar. Da ya shigo, sai ƴar'uwarsa ta nesa, mai ɗinki da ke fama da talauci a Paris, ta koma gefe, alhali matsayinsu a jikin bishiyar ɗaya ne. Ba son kai ne na marubuciya ba. Shi ya bar wasiƙu da jawabai da hotuna, ita ta bar layi biyu ko uku. Littafin da ya tashi don ya ba marasa suna wuri, takardu da kansu suka ja shi zuwa ga mai babbar riga.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi tsaya mini a rai. A farkon zuriyar akwai mata da ke neman bayin da aka ce mijinta ya saya. A ƙarshenta akwai kadinal da ke yawon la'antar bauta. Tsakanin biyun an bi sawun ɗaruruwan mutane, an san ranar baftismarsu da sunan wanda ya tsaya musu. Su kuwa mutanen da aka ambata tare da alfadarai cikin takardar wakilci ba su da suna, ba su da gari, ko adadinsu ba a faɗa ba. Littafin bai nuna cewa dukiyar ta taɓa isowa Angulem ba, mai yiwuwa ma zancen duka jita-jita ne. In da gaske an saye su, to su ma suna da tsatso biyar, suna da 1906 tasu. Adalci ya sa in faɗa cewa Rothschild ba ta kau da kai ba. Ta nuna yadda kuɗin tsibirai ya ratsa garin, ta kuma tono ƴan Afirka da aka yi wa baftisma cikin majami'un Angulem ɗin kansu, yaran da masu gonakin rake suka zo da su. Ta taɓa yin irin wannan aiki cikin littafinta na 2011 kan wani iyali na Sikotlan da bayinsu. Amma hanyar da ta zaɓa, ta bin zare daga mai sa hannu zuwa mai sa hannu, ba ta iya tsallaka wannan rami, kuma na so a ce ta daɗe a bakinsa fiye da yadda ta yi, ta sa mai karatu ya ji cewa kalmar "marar iyaka" da ke cikin sunan littafin tana da iyaka, kuma doka ce ta shata ta. Dokar bayi ta 1685, Code noir, ta umurci a yi wa bawa baftisma, ta kuma ce a lissafa shi cikin kayan da ake iya ɗauka a sayar. Saboda haka yana iya shiga kundin liman da suna guda na Kirista, ba sunan uba, sannan ya shiga kundin noter da farashi.

Mu da muka gaji tsarin rajistar 1792 ta hannun mulkin mallaka mun san wani ɓangare na wannan shiru. Iyayenmu da yawa takardarsu "né vers" ta ce, shekarar da wani ma'aikaci ya ƙiyasta da ido, kuma har yanzu akwai ɗaliban da sai da hukuncin kotu suke samun takardar haihuwa kafin jarrabawa. Yaron da aka kai wa maƙeri ko majemi ko maɗinki ba a rubuta masa kome. Unguwa ce shaida, wani lokaci sunan unguwar ma, Maƙera ko Marina ko Majema, shi ne abin da ya rage. Yana da sauƙi mu ce mu namu kundin yana bakin maroƙa da tsofaffi, kuma ya fi na Turawa rai. Rai kam yana da shi. Amma maroƙi ma gidan sarauta da gidan mai kyauta yake riƙewa, kuma kalmar "marar asali" da ake jifan mutane da ita a wajen neman aure tana nuna cewa namu kundin ma yana da waɗanda ya ajiye a layin alfadarai. Ƙungiyar al'adu da ke son tattara tarihin iyalai, abin da za ta ara daga Rothschild shi ne tambayoyinta: ban da wa ya haifi wane, a tambayi wa ya raɗa masa suna, wa ya yi masa walicci, a hannun wa ya koyi sana'a, wa ya sauke kakansa ranar da ya iso gari, a kuma rubuta wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, a bar gurbi a inda ba a sani ba.

Ga ɗan Martinik ko Gwadalup da ke hawa sama yana neman kakansa, bango yana shekara ta 1848. A shekarar ne Faransa ta soke bauta, aka buɗe rajista aka ba waɗanda aka ƴanta sunan iyali, wasu daga tatsuniyoyin Girka, wasu ta hanyar juya haruffan sunansu na fari, yadda ma'aikacin da ke riƙe da alƙalami ya ga dama. Bayan wannan bango sai lissafin gado na masu gona. A irin wannan lissafi na Saint-Domingue, wajen ƙarshen ƙarni na 18, noter yakan rubuta sunan da maigida ya laƙaba wa bawa, da shekarun da aka ƙiyasta masa, da aikinsa, da kuɗinsa, sannan kalma guda da ke nuna al'ummar da aka ce ya fito: Congo, Arada, Nago, Ibo, Bambara. A wasu layukan kalmar ita ce Aoussa.